Koyon tafiyar yaro: Maganin ba a kwalba yake ba



Ranar Talatar makon jiya, bayan La'asar, wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan Agege, goye da ɗanta, surukarta na biye da ita. Bayan mun gaisa sai ta kwanto yaron ta zaunar da shi kan tebur, ta ce, "Anti, don Allah maganin tafiya nake so. Watansa goma sha uku amma har yau bai taka ba. Ɗan maƙwabciyata, wadda na riga haihuwa da sati uku, ga shi can har gudu yake yi." Surukar ta karɓe zancen, ta ce, "Ƙashinsa ne ba ƙwari, 'yar nan. Ki ba mu na ƙarfin ƙashi, mai kyau, ko nawa ne."

Na dubi yaron. Tubarkalla, ɓul-ɓul da shi, idonsa tar, har ya kai hannu zai zare biron da ke aljihun rigata. Na tambayi uwar ko yana zama da kansa, ta ce tun tuni. Yana dafa abu ya miƙe? Ta ce in ya samu. To ina yake wuni? Ta ce a cikin kekensa na koyon tafiya, wanda babansa ya sayo masa tun yana wata biyar. In ba a keke ba yana bayanta, domin ɗakin tayil ne da sanyi, tsakar gidan hayar kuma ba ta yarda da tsabtarta ba. Sai na ce, "Jiya, minti nawa ya yi a ƙasa, ba keke, ba goyo, ba hannun kowa?" Suka dubi juna, ba wadda ta amsa.

Ban sayar musu da komai ba, kuma na ga alamar Hajiya ba ta ji daɗin haka ba. Amma gaskiyar ke nan: a duk kwalaben da ke jere a bayana babu ko ɗaya da ke sa lafiyayyen yaro tafiya. Wannan tambaya kuwa ba sau ɗaya ba sau biyu ba nake jin ta, shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kanta yau.

Mu da muka daɗe muna tafiya mun manta irin aikin da ke cikinta. Kafin mutum ya tsaya da ƙafa biyu bai faɗi ba, sai ƙwaƙwalwarsa ta haɗa labari daga wurare uku. Na farko ido, wanda ke gaya mata ina bango, ina ƙasa, ina tudu. Na biyu can cikin kunne yake, bayan dodon kunne. Akwai wasu 'yan bututu guda uku a lanƙwashe kamar zobe, cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi. Duk lokacin da kai ya juya ko ya karkata, ruwan nan da tsakuwoyin nan sai su motsa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Kowa ya taɓa yin wasan hajijiya yana yaro ya san aikinsu: ka tsaya cak amma duniya ta ci gaba da juyawa, saboda ruwan bai gama tsayawa ba.

Na ukun shi ne wanda ba mu cika sanin muna da shi ba. A cikin tsokoki da gaɓoɓi da tafin ƙafa akwai jijiyoyin da aikinsu kawai shi ne sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take, da irin nauyin da ke kanta. Shi ya sa ko an ɗauke wuta kina tsakiyar cin tuwo, lomar ba ta ɓata hanyar baki. Shi ya sa mai talla ke tsallake kwata da faranti a ka ba ta kalli ƙafarta ba. Jariri ba ya zuwa duniya da wannan sanin a kammale. Lokacin da kika ga ɗan wata biyar ya kamo ɗan yatsan ƙafarsa yana turawa baki, bincike yake yi, yana gano cewa ashe wannan abin ma nasa ne.

Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya da ke tattara waɗannan saƙonni uku yana gyara motsi. Yadda yake koyo kuwa shi ne ta kuskure. Yaro ya miƙe, ya karkata hagu da yawa, ya zube. Ya sake miƙewa, wannan karon ya rage karkatar. Wata masaniyar halayyar yara a Jami'ar New York, Karen Adolph, ita da abokan aikinta sun ɗauki bidiyon yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa a sake, suka zauna suka ƙirga. A sakamakon da suka wallafa a 2012, yaro ɗaya kan yi taku kusan 2,368 ya kuma faɗi sau 17 a cikin awa guda. A awa guda fa, ba a wuni ba. Kuma mafi yawan faɗuwar nan ba ta kai ta kuka ba, yaron kan miƙe ya ci gaba da harkarsa. To yaron da ya wuni a cikin keke ko a baya, yaushe ya yi nasa takun, yaushe ya yi tasa faɗuwar?

Sai batun gasa da ɗan maƙwabta, wanda shi ne ainihin abin da ke hana iyaye mata barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi lafiyayyun yara sama da 800 a ƙasashe biyar, wato Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Abin da aka gani shi ne tazara mai faɗi ƙwarai. Zama ba tare da jingina ba, wani tun kafin ya cika wata 4, wani sai ya kai wata 9. Tsayuwa shi kaɗai, daga wajen wata 7 har zuwa kusan wata 17. Tafiya kuwa, daga wata 8 har zuwa wata 17 da rabi. Duk waɗannan lafiyayyun yara ne. Har ma an samu kusan yara 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam; wani jan gindi ya yi, wani jan ciki, daga nan ya miƙe. Saboda haka ɗan wata goma sha uku da ke dafa kujera yana miƙewa bai makara ba ko kaɗan. Wanda aka haifa bakwaini kuma, sai a cire masa makonnin da ya rage bai cika a ciki ba kafin a fara lissafi.

Yanzu bari mu zo kan keken. Ina nufin mai zagaye ɗin nan na roba, mai tayoyi a ƙasa, wanda ake zura yaro a ciki ƙafafunsa na reto. Sunan da aka ba shi ne ya yaudare mu. Yaron da ke cikinsa a zaune yake a kan ƙyalle, nauyinsa ba a kan ƙafarsa yake ba. Da kan yatsu yake tunkuɗa ƙasa, ba da tafin ƙafa ba. Farantin da ke gabansa ya tare masa ganin ƙafafunsa. Kuma duk yadda ya karkata keken zai tare shi, don haka ƙwaƙwalwar ba ta samun kuskuren da za ta gyara. Binciken da aka yi a kai bai nuna yana sa yaro saurin tafiya ba, wasu ma sun nuna yana ɗan jinkirta ta.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Yaro a cikin keken nan na iya cin kusan mita guda a daƙiƙa ɗaya, kuma ya ƙara tsawon da zai kai hannu inda da ba ya kaiwa. A Amurka an ƙirga yara sama da 230,000 'yan ƙasa da wata 15 da aka kai sashen gaggawa na asibiti saboda raunin keken nan tsakanin 1990 da 2014. Kusan kashi uku cikin huɗu daga matakala suka gangaro, kuma mafi yawan raunin a kai ne da wuya. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi da shigo da shi tun 2004, har da wanda aka yi amfani da shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana kiran a hana shi. Mu kuwa a nan yana cikin kayan da ake kai wa mai jego don a burge ta, har na gwanjo rububinsa ake yi.

Ku dubi gidajenmu na birni da idon yaron da ke kan taya. Ga matakalar bene, ga ɗan tudun da ke tsakanin falo da kicin, ga risho ko tukunyar gas a ƙasa da ruwan zafi a kai, ga wayar dutsen guga na lilo, ga kananzir a cikin robar lemo a bayan ƙofa. Ba daga littafi kawai nake faɗar wannan ba. Ni ma da na haifi 'yata ta fari an kawo mini keken, na kuma sa ta a ciki, da digirina da komai. Ranar da na juya don in sauke tukunya, kafin in waiwayo ta kai bakin ƙofar baranda, tayar gaba ta faɗa gangaren, keken ya kife da ita. Allah Ya taƙaita, ƙulu ne kawai a goshi, amma daren nan a asibiti muka kwana ana duba ta. Washegari na sa aka fitar da shi, ban kuma ba kowa ba.

Wanda kafintoci ke yi na katako mai taya uku, wanda yaro ke tsayawa a bayansa yana turawa, wannan daban ne. Yaron a tsaye yake da ƙafarsa, nauyinsa a kansa, in ya ga dama ya saki. Sai dai a jira sai ya fara miƙewa da kansa, a tabbata yana da nauyin da ba zai zille masa ba, a kuma nisanta shi da matakala. Kujerar roba ko kwandon wanki da kaya a ciki ma suna yin wannan aikin, kyauta.

Goyo fa? A nan ina so a fahimce ni da kyau, domin ba ni cikin masu kushe shi. Yaron da ke bayan uwarsa tana sunkuyawa tana miƙewa, tana shara tana daka, ruwan kunnensa na ta motsi, wuyansa na koyon riƙe kai. Wannan ya fi a ajiye shi cikin kujerar jarirai a gaban talabijin nesa ba kusa ba. Amma a goye ƙafa da hannu a ɗaure suke. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ce kada a tsare yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, ta kuma ambaci goyo da sunansa tare da keken turawa da kujerar cin abinci. Na san matar da ke tsaye a kasuwar Mile 12 tun safe, ko wadda cunkoson Legas ya riƙe awa uku a cikin mota, ba za ta iya bin agogo ba. Abin da za ta iya shi ne duk inda ta samu sarari da wuri mai tsabta, ta kwance zanen nan ta shimfiɗa shi, ta sauke yaron a kai.

A cikin shawarwarin dai, jaririn da bai fara rarrafe ba ana so ya samu aƙalla minti 30 a wuni yana kwance rub da ciki, idonsa biyu, ana kallonsa. Ba a lokaci guda ba. Minti biyu nan, minti biyar can. Tun yana ɗan kwanaki za a iya farawa a kan ƙirjin uwa ko uba. Da farko zai yi ƙorafi, domin ɗaga kai aiki ne, amma daga nan wuya da kafaɗa da baya ke samun ƙarfin da za a yi zama da rarrafe da shi. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da jariri, wannan kada a haɗa su. Daga shekara 1 zuwa 4 ana so yaro ya samu aƙalla minti 180, wato awa uku, na motsa jiki a wuni, a rarrabe. Kallon waya ko talabijin babu shi ga wanda bai kai shekara 2 ba, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda.

Awa uku a kunnen iyayenmu abin dariya ne. Mu da muka tashi a gida mai tsakar gida da rairayi, ai sai an kamo mu da magariba. Ba wanda ya zauna ya tsara mana motsa jiki, amma ku dubi wasannin da idon basira. Langa tsalle ne da ƙafa ɗaya, ɗayar a riƙe da hannu, ga abokin karawa na neman ture ka. 'Yar gala-gala tsalle ne cikin zane, da sunkuyawa a ɗauki dutse ba a sauke ƙafa ba. A gaɗa yarinya kan saki jiki ta faɗa da baya hannun ƙawayenta su cilla ta, ta dira a kan ƙafafunta. Ga lilo, ga alkafura, ga tura taya, ga tafiya a kan dakali. Ƙananan da ba su isa shiga ba suna gefe suna kwaikwayo suna zubewa cikin rairayi. Yau ɗanmu a ɗaki ɗaya da falo yake a hawa na biyu, ƙofa a kulle saboda tsoron ɓatagari da 'yan acaɓa, in ya hau kujera a daka masa tsawa, in ya yi rigima a miƙa masa waya. Ba laifin iyaye ba ne kacokan, zaman birni ne ya zo da haka. Sai dai jikin yaron bai san an canza gari ba, abin da yake buƙata a da shi yake buƙata yanzu.

Ko a falo ɗaya ana iya yin abu mai yawa. A ture teburin tsakiya gefe, a shimfiɗa tabarma ko darduma a kan tayil ɗin, a sauke katifa ƙasa. Filo uku a jere tudu ne ga mai rarrafe. Babban kwali da aka buɗe gaba da baya rami ne. Ga ɗan shekara biyu zuwa uku, layin da ke tsakanin tayil hanya ce da za a ce ya bi bai kauce ba. A ce ya yi tafiyar agwagwa, ya yi tsallen kwaɗo, ya tsaya kamar zalɓe. Wajen shekara biyu da rabi yawanci sukan iya tsalle da ƙafa biyu, tsalle da ƙafa ɗaya kuwa sai wajen shekara 4 zuwa 5, don haka kada a matsa. Lokacin wanka a riƙa kiran sunan gaɓoɓi ana taɓawa: ina gwiwa, ina diddige, ina ƙeya. A cikin gida a bar shi ba takalmi ba safa, domin tafin ƙafa da kansa yake karanta ƙasa, safa a kan tayil kuma santsi ce. Iyaye maza, wannan fagenku ne. Minti goma na hawa bayan Baba a yi doki kafin a fita sallar Isha'i ya fi kayan wasa na dubu ashirin. Ranar Asabar ko Lahadi kuma a nemi fili, ko na makaranta ne ko harabar masallaci, a bar su su yi gudu.

Kafin a saki yaro a ƙasa sai a bi ɗakin da rarrafe a ga abin da zai gani. Bokitin ruwa a rufe shi ko a zubar, domin yaro mai koyon tafiya nauyin kansa kan rinjaye shi, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa. Magani, kananzir da maganin ɓera su koma sama. A tare bakin matakala. Faɗuwar da ya yi daga tsayuwarsa zuwa tabarma ba abin tashin hankali ba ce. Amma in daga sama ya faɗo, ko ya suma, ko yana ta amai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa sosai, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa nan take.

Akwai inda magani ke shiga wannan zance, amma ta ɓangaren ɓarna. Allurar jentamaisin, wadda aka fi sani da janta, da 'yar'uwarta sitireftomaisin, suna iya lalata ji da kuma sashen nan na cikin kunne da ke riƙe daidaito, wani lokaci har abada. A asibiti janta na ceton ran jarirai, domin ana auna ta da nauyin yaro a kuma ƙayyade kwanakin. Matsalar ita ce wadda ake dankara wa yaro a lungu saboda zazzaɓi ko ƙurji, ba awo ba lissafi. Sai kuma magungunan da ke sa barci irin su Piriton da Phenergan, da wasu iyaye ke ba yaro don ya kwanta su huta, da yawancin magungunan ruwa na buɗe ciki masu sinadarin saifuroheftadin. Yaron da ya wuni a make ba ya wasa, in ya tashi kuma tangaɗi yake yi. Phenergan ma bai halatta a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi.

Hajiyar nan da ta ce ƙashi ba ƙwari ba daga sama ta ɗauko zancen ba. Akwai ciwon laushin ƙashi na gaske, wanda ke lanƙwasa ƙafafu su zama kamar baka ko su yi gwame, wuyan hannu ya yi kauri, yaro ya riƙa jin ciwo in ya taka. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa a yaranmu ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai warkewa. Amma wannan likita ne ke tabbatar da shi da hoton ƙashi da gwajin jini, shi ne kuma zai faɗi adadin da za a sha. 'Yar lanƙwasar ƙafa a yaron da bai kai shekara 2 ba yawanci da kanta take miƙewa. Rigakafin kuwa a kicin yake da tsakar gida: nonon uwa, madara, kindirmo, ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, miyar kuka, da fitar da yaro ya sha hantsi.

Lokacin da za a daina jira a nemi likitan yara shi ne in yaro ya kai wata 9 bai zauna da kansa ba, ko ya kai wata 18 bai yi tafiya ba. Haka nan in jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya cika saki kamar tsumma, ko gefe ɗaya kawai yake amfani da shi ɗayan na biye, ko ya daina abin da da ya iya. Yaron da ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko bai yi kuka da wuri ba da aka haife shi, ko ya yi sanƙarau, shi a fi sa masa ido tun da wuri. Ƙafa ko hannu da ya saki farat ɗaya kuma, a kai shi a ranar. Manyan asibitocinmu na da sashen gashin ƙashi na yara, kuma wanda aka kai da wuri ya fi amfana da shi nesa da wanda aka tsaya shafe-shafe sai da ya shekara uku.

Abin da na gaya wa baƙin nawa ke nan a taƙaice, na ce a ɗaga keken a kai saman sif, a shimfiɗa tabarma, a ajiye masa abin da yake so a kan kujera yadda sai ya miƙe zai ɗauka. In ya cika wata 18 bai taka ba, ko suka ga ɗaya daga alamomin can kafin nan, asibiti za su je ba wurina ba. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Yo ai uban nasa ma da kujerar tsuguno ya koya, yana turawa a tsakar gida har ya kai zaure." Na ce, "To Hajiya, kujerar tana nan?" Ta ce tana Funtuwa, amma za ta sa a sassaƙa wata a nan.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba zazzaɓi da gudawar da ake ɗora wa fitar haƙori, da abin da ke cikin garin maganin haƙorin da ake ba jarirai.